Isuhu Bai Jira Sallama Ba

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da na sa Isuhu ya sa hannu a takardar aiki a ofishinmu na unguwar Bonanjo a Douala ba. Ku da kuka shigo kwanan nan kuna ta gunaguni wai ina jan ƙafa wajen ɗaukar mutum. To ga dalilin, in kun ji sai ku ƙyale ni in huta.

Lokacin ina mataimakiyar shugabar sashen ma'aikata a wani kamfani mai kai kayan abinci otal-otal da manyan shaguna. Aikina in nemo mutum, in tattauna da shi, in haɗa takardunsa, shugaba ta sa hannu. Ƙa'ida ita ce sabon ma'aikaci ya yi wata uku na gwaji, ana iya ƙara masa uku sau ɗaya, daga nan ko a tabbatar da shi ko ya kama gabansa.

A shekarar aka tura mu kwas na kwana uku kan sanin halin ɗan'adam. Mai koyarwar, wani ɗan ƙwalisa da kwat duk zafin Douala, ya ce kowane mutum yana da inda ke masa ciwo, ka nemo wurin ka danna. Ya ce kada ka ba mutum lokacin shawara, shawara ita ke kashe ciniki. Na cika littafi da rubutu har da jan layi, na dawo ina jin kaina wata bokanya.

Ba a jima ba daraktan kamfanin ya ce ya gaji da sayen albasa hannu na uku, a nemo masa wanda ya san masu turo kaya daga Marwa da Garwa, can arewacin ƙasar. Nan take Isuhu ya faɗo mini. Ɗan unguwarmu ne a New Bell, magidanci da 'ya'ya uku, shekara goma sha huɗu yana tsaron shagon Alhaji Ɗanladi, babban dilan albasa a kasuwar Sandaga. Har gemu ya fara furfura ana ce masa yaron Alhaji. Kowa kuma ya san Alhaji ya ce bayan babbar Sallah zai sallame shi. Ga wanda bai sani ba, sallama a kasuwa ita ce maigida ya tara abokan ciniki, ya ba yaronsa jari, ya sa masa albarka, ya ce ga shi nan, ku yi hulɗa da shi kamar ni. Saura wata biyar ke nan.

Inda ke masa ciwo kuwa ban sha wahalar nemowa ba. A wajen wani suna matarsa Lami ta gaya mini 'yarsu ta fari mai sikila ce, ba sa wata biyu ba su kwana asibiti ba. Ta faɗa mini ne a matsayin 'yar'uwa. Ni kuwa na kai ofis.

Da ya zo ban yi masa maganar albashi ba sam. Katin asibitin kamfani na ajiye a gabansa, na ce da wannan ana duba ma'aikaci da iyalinsa tun daga ranar farko. Ya daɗe yana kallon katin. Sai ya ce, "Hajiya, bari in yi shawara da Alhaji."

Na ce darakta zai yi tafiya gobe Juma'a, kuma akwai wani daga unguwar Japoma yana jiran kujerar. Babu wani daga Japoma, ni na ƙirƙiro shi. Na tura masa biro, na yi shiru kamar yadda aka koya mana, wai wanda ya fara magana shi ya faɗi. Ya sa hannu. Shugabata ta ce bravo, a taron mako har tafi aka yi mini.

Wata na farko Isuhu ya yi ta buga waya arewa. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa har da tambayar yara, a ce insha Allahu mota tana hanya. Motar da ba ta taɓa isowa ba ke nan. Daga baya muka ji duk wanda Isuhu ya kira, sai shi kuma ya kira Alhaji ya tambaya ko ya sallami Isuhu. Alhaji bai ɓata shi ba ko da kalma ɗaya, cewa kawai yake, a'a, ya dai tafi. Wannan ya wadatar. Darakta ya kasa ganewa, yana ta tambaya ta yaya mutum zai ƙi kuɗi hannu saboda wani tsoho bai yi addu'a ba. Ni na gane, don a gidan kasuwa aka haife ni, sai dai na yi shiru.

Da wata uku suka cika na roƙa aka ƙara masa uku. Wata Asabar na hau babur cikin ruwan sama na tafi Sandaga, na tsallake taɓo da masu dako na durƙusa gaban Alhaji. Ya sa aka kawo mini kujera, ya bar ni na gama duk bayanina.

"Ke ba 'yar Malam Garba ba ce?" ya ce. "Ina zaune ranar da aka sallami babanki. 'Yata, da Isuhu ya zo ya gaya mini kafin ya sa hannu, ni zan riƙo hannunsa in kawo muku, da motocin duka. Amma sai da ya gama ya zo yana ba ni labari. Na yafe masa. Mutane dai ba zan ce musu na yi abin da ban yi ba."

Ya riga ya ɗora ɗan ƙanensa a shagon. Na dawo gida jiƙe.

Takardar ƙarshen gwaji, wato ta barin aiki, ni na buga ta, ni na miƙa wa Isuhu, a teburin nan da ya sa hannu. Bai yi musu ba. Ya karanta, ya ninke, ya sa aljihu. Sai ya ciro katin asibitin ya ajiye a gabana tun ban tambaya ba, ya ce, "Wannan ma mayarwa ake yi, ko Hajiya?" Na ce eh. Wallahi na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Abin da aka koya mana a kwas ɗin ba ƙarya ba ne, yana aiki, shi ne ma abin tsoron. Sai dai wanda ka danna wa ciwo ba zai ga ramin da ke gabansa ba, kai da ka danna kai ke gani. Kuma a wajen mutanenmu ba mutum kaɗai ake ɗauka aiki ba, har da waɗanda suka tsaya masa. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ce mini bari ya yi shawara, rufe fayil nake in ce je ka, kujera tana nan, ko darakta zai yi tsalle.

Isuhu yana nan, yana sayar da albasa kashi-kashi a baro kusa da mahaɗar unguwarmu. Lami ta daina gaya mini komai. Shi kuwa kullum da safe in zan wuce shi ke fara gaishe ni, ya tambayi aiki. Ni ce dai har yau na kasa tambayarsa jikin yarinyar.