Masarar Tagwaye a Gwangwani Ɗaya

Wallahi abin nan da ni ya faru, shekarun baya, ina koyar da aikin gona a wata sakandaren 'yan mata tsakanin Funtua da Malumfashi.

Na sa ɗalibai gwaji don su ga yadda shuka ke kokawar abinci: wani gwangwani masara ƙwaya ɗaya, wani da ciyawa a ciki, wani kuma ƙwaya biyu a matse cikin ƙasa 'yar kaɗan. Na ƙarshen nan ya faɗa kan wasu tagwaye, Hassana da Usaina, kowace ta shuka tata, da suka tsiro ta ɗaura mata zare, aka jera a taga.

Ta Hassana ta miƙe shar, ta Usaina ta tsumbure, ni kuwa har murna nake, darasi ya fito. Sai ita Usainar ta fara ramewa a kan idona, ta daina cin abinci, a aji sai ta kifa kai a benci, asibiti kuma suka ce ba su ga komai ba. Duk ganyen da ya bushe, washegari sai in ga ta ƙara zubewa. Na ce wa kaina, kai fa malamin kimiyya ne.

Ranar da ta kasa tashi daga gado, mahaifiyarsu ta zo har aji da rana tsaka, ta tsaya a kan gwangwanin.

"Malam, a gidanmu ko ɗankwali ba a saya wa ɗaya a bar ɗaya. Kai kuma ka sa su cin abincin juna? Raba su."

Na zazzage ƙasar. Jama'a, saiwar ta Hassana ta nannaɗe ta Usaina tamau. Na kama zan tsinke, sai Hassana da ke can bayan aji, ba ta ma ganin hannuna, ta dafe wuya ta ce, "Malam, a hankali, da zafi."

Da ruwa na warware su, na ba kowace gwangwaninta, na raba musu taga. Ba a jima ba Usaina ta dawo makaranta, har da ƙosai a hannu.

Abin da har yau ke tayar mini da tsikar jiki, shuka haske take bi, ni da kaina na koya musu haka. Amma waɗannan biyun suka juya wa taga baya, suka karkato cikin aji suna neman juna.

In kana da tagwaye a ajinka, ɗan'uwa, ba kowace nata gwangwanin, kada kuma ka tambaye ni dalili.