Yatsuna a Cikin Eko

Shekarar da ake rikicin tazarce ne yatsuna suka fara ƙin jin magana. Ina koyarwa a wata lakkol a Tibiri, gidanmu kuwa a unguwar Zariya, cikin gari. Kullum da safe sai in tashi hannuwa a sandare, ko ɗankwali ban iya ɗaurawa. Sai rana ta ɗaga sukan saki.

Na je likita aka ɗauki hoton ƙashi. Lokotoro ya ɗaga shi ga haske, ya ce ƙasusuwana lafiya lau. Maigidana ya yi hamdala. Ni kam hankalina bai kwanta ba, don na san hannun gwaggona ta Jiratawa. A da ita ke dashen albasa a lambu, ga shi yanzu yatsunta sun karkace, ko tuwo da ƙyar take gutsura.

Na hau kabu-kabu na je na tambaye ta yadda nata ya fara.

"Da safe," ta ce. "Mi ya same ki, ɗiyata?"

Sai na yi mata sallama na tafi. Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba, ina ta neman magani. Yau zanga-zanga ta tare hanya, gobe ma'aikatan likita na yajin aiki. Na sha saiwa, na shafa man kaɗanya, a aji ina rubutu a allo alli yana suɓuce mini.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani lokotoro da ke duba gaɓɓai da eko, na'urar nan ta masu juna biyu. Na zauna a benci cikin masu ciki, suna ta satar kallon cikina. Da aka kira ni, ya shafa mini wani mai mai sanyi a bayan hannu, ya ɗora kan na'urar.

"Madam, kin ga baƙin nan da ya kewaye gaɓa? Kumburi ne. Amosanin gaɓɓai ne, amma bai ci ƙashi ba tukuna. Shi ya sa hoton farko bai gan shi ba."

Sai na ji hawaye. A ƙarshe dai wani ya ga abin da nake ji.

"Zai warke?"

"Ba ya warkewa. Amma tunda mun riga shi, za mu iya tsai da shi."

Aka auni jinina, aka ɗora ni kan magani na mako-mako mai tashin zuciya. Har yau ina sha. In damina ta faɗi gaɓɓan kan yi mini tsami, sai in nemi ruwan ɗumi in tsoma hannu kafin in fita.