Ɗan Tabawa Ne Sunan Waken

Ƙanena Nasiru ya cire sunan kakarmu daga jikin wakenta, ya liƙa sunan wani Alhaji. Abin da ya yi mini ke nan. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma wannan ba zai sa in sassauta maganar ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya tsakanin Saji da Tarai ya san wake Ɗan Tabawa. Fari ne, ƙanana, da ɗan baƙi a hanci. Yana nuna tun ana tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma bai isa yanka ba. Tabawa ita ce ta haifi babanmu, Iya muke ce mata. Wata Bafulatana ce ta ba ta cikin tafin hannu a wajen wani biki a Tarai, ta ƙullo shi a bakin zane. Daga nan kowace damina sai ta bi gona tana duba kwanson da ya riga 'yan'uwansa nuna, ta ɗaura masa tsumma. Mai tsumma ba a cinsa, ko da kuwa da ruwan kanzo za a kwana a gidan. Shi take zubawa a tulu da toka, ta liƙe bakin da laka sai baɗi. Haka ta yi ta yi har irin ya zauna. A wajenmu kuwa wanda ya sha wahalar iri da sunansa ake kiran irin. Ba a taro, ba a rubutu, bakin mutane ne yake raɗawa.

Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, shekarar da Baba ya rasu. Na koma gona don Nasiru ya ci gaba. Ya ci gaban kuwa, ya karanci tsirrai har ana ce masa Dokta, yanzu shi ne mai kula da ɗakin adana tsirrai a wata babbar makaranta a birni. Na taɓa leƙawa sau ɗaya. Busassun ganye ne manne a takardu, da iri kala-kala a kwalabe, kowanne da suna a goshinsa. Bara ya zo ya ce in ba shi irin Iya zai yi bincike. Na fasa lakar tulun da hannuna na auna masa. Bana ina zaune a teburin mai shayi, sai Malam Isyaku maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Habu, wannan ba wakenku ba ne?" Shi ne. Yana cikin kwalba, Nasiru yana riƙe da ita yana murmushi, a jikinta an rubuta sunan Alhajin da ya gina musu sabon ɗaki. Ba zan faɗi sunan a nan ba, ya ishe shi inda aka rubuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a gaban wuta ɗaya muka zauna ni da shi.

In an gama kaka sanyi ya shigo, Iya takan sa a hura mata wuta a tsakar ɗakinta da an idar da magariba. Ba zaman banza ake yi ba. Sai ta juye kwandon wake a tabarma, kowa ya ja gabansa yana ɓarewa, ana jefa ɓawon a wuta yana ƙara. Ɗakin yakan cika da ƙamshin hayaƙi da na man kaɗanyar da take shafa wa ƙafafunta. Ni take ce wa "maigidana", wai ni ne mijin da ba ya cefane sai ci. Nasiru kuma "malamin gida", saboda tambayarsa ba ta ƙarewa. In hannunka ya tsaya, ita ma bakinta ya tsaya.

"Maigidana ya yi barci, to a tashi, babu labari yau."

"Idona biyu, Iya!"

"Idonka biyu, hannunka fa? Ko shi ma sai na dafa masa?"

Sai an ci gaba da ɓara za ta gyara zama ta ce, "To ga ta ta iso, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna."

Akwai tatsuniya guda ɗaya da take yawan maimaitawa, ta Baturen Ganye. Wani lokaci ta ce a zamanin babanta aka yi, wani lokaci ta ce tun duwatsun Rano suna da taushi. Wai wani Bature ne siriri mai yawan tari ya zo da jakuna, ba ya neman haraji, ba ya neman gyaɗa, ganye kawai yake tsinka. Sai ya shimfiɗa shi tsakanin katako biyu ya ɗaure da igiya har ya bushe. Da fari aka ce boka ne, daga baya aka ce a'a, taɓin hankali ne. A garinsu wai yana da wani ƙaton gida da ba kowa a ciki sai matattun ganye, shi ne sarkin gidan.

Duk itacen da ya tarar sai ya raɗa masa suna. Kuka ya ba ta sunan attajirin da ya biya masa jirgi. Ɗorawa ya ba ta sunan maigidansa na wajen aiki. Har ƙarangiya sai da ta samu sunan wani babba. A nan Iya takan tafa hannu ta ce, "Suna ba rago, ba wanzami, ko goro ɗaya bai raba ba! Wane irin uba ne wannan?" Mu yi ta dariya har wake ya zube. Da safe sai ya fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kira da sabon sunan, ko ganye ɗaya ba ya motsi. In ya juya baya sai kuka ta ce wa ɗorawa, "Ke, da wa yake?" Ɗorawa ta ce, "Oho, wataƙila da jakinsa."

Ana nan sai saƙo ya iso masa cewa 'yarsa ƙarama da ya baro a gida ta rasu, har an binne ta. Ga teku a tsakani, ko kabarinta ba zai gani ba. Ya bar jakunan, ya bar katakon, ya hau dutse shi kaɗai ya zauna. A cikin wata tsaga sai ya ga 'yar ciyawa mai shuɗin fure. Akuya ba ta cinta, ba ta maganin komai, mutanen gari ma ba su taɓa damuwa su sa mata suna ba. Ya duƙa a kanta yana hawaye, ya kira ta da sunan 'yarsa. Sai ciyawar nan ta sunkuyo ta ce, "Na'am." Shi ya sa har yau furenta da safe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, don yarinyar ba ta daɗe a duniya ba.

"Na sauke ta a nan," in ji Iya, "mai ƙarfi ya ɗauka."

Ni dariyar kuka da ɗorawa ce take kama ni. Nasiru kuwa kullum sai ya yi kuka a wajen ciyawar. Wata rana ya ce, "Iya, me ya sa ita ta amsa, sauran suka ƙi?" Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Malamin gida, sauran da masu su ya tarar da su. Ita ba ta da kowa. Kuma wadda ya sa wa sunanta ba ta da abin da za ta ba shi." Washegari aka tarar da ganyen zogale a ƙarƙashin tabarmarsa, ya danne da dutsen niƙa. Daga ranar ya kama hanyar da yake kai har yau.

Na daɗe ina ɗauka Iya ba'a take yi wa Bature. Sai da na manyanta na gane ba ta ƙi mutumin ba, tausayinsa ma take ji. Nasiru ya taɓa gaya mini an yi irinsa da gaske, ganyen da suka busar suna nan a ajiye, sunayen da suka sa har yanzu da su ake karatu. Su kira kuka abin da suka ga dama a littafinsu, miyarta dai ba ta canza ba. Shi Bature baƙo ne, bai san masu abin ba, wataƙila ma bai san akwai su ba. Amma wanda ya ɓare waken nan da yatsunsa, ya ga tsohuwa tana bin kunya-kunya da tsumma a hannu, wane uzuri gare shi?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo. Ya ajiye mota a ƙofar gida, ya same ni a zaure ina gyaran ƙotar fartanya. Inna, mahaifiyarmu, tana ciki, ta tsufa ƙwarai, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya ajiye wata leda a gabana, shadda ce ɗinkakkiya har da hula.

"Yaya, za a yi bikin buɗe ɗakin. Ina so ka zo ka tsaya a gaban mutane a matsayin manomin da ya adana irin. Magana kaɗan za ka yi."

"In kira shi da wane suna?"

Ya cire tabarau yana gogewa. Sannan ya ce, "Yaya, ka fahimce ni. Tsohon ɗakin yoyo yake, gara ta cinye rabin abin da aka tara tun kafin a haife mu. Na yi yawon ofisoshi har na gaji, mutumin nan kaɗai ya saurare ni. Ba mu da abin da za mu saka masa da shi sai wannan. Kuma yanzu irin zai kai garuruwan da ko sunansu ba mu sani ba. Iya ta riga mu gidan gaskiya, suna ba zai ƙara mata komai ba. Addu'a take buƙata."

Na ajiye ƙotar na dube shi sosai.

Na ce, "Nasiru, kai da addu'ar kake tsammani ta ina take zuwa mata? Ka je Zinyau da marka, ka tsaya a bayan danga. Matar da ba ta taɓa ganin Iya ba za ta sauke tukunyar wake yaranta suna jira, ka ji ta ce Allah ya jiƙan Tabawa. Wannan ka ɗauka ka ba mai gini. Da sunan ɗakin ka ba shi, da ƙofar, da kujerun, har naka sunan in ka ga dama, wallahi da ni zan fara yi maka tafi. Amma ka ba da abin da ba naka ba."

"Yaya, an riga an buga a takarda."

"To a bar shi a takardar. Ɗauki rigarka, ba zan zo ba. Ranar kasuwar Kibiya zan shimfiɗa buhu in raba irin nan kyauta, duk wanda ya miƙo hannu sai ya faɗi sunanta da bakinsa kafin in zuba masa. Haka zan yi baɗi, haka zan yi baɗin baɗaɗa, har ƙarfina ya ƙare. Yanzu tashi ka shiga ka gaida Inna, tun ɗazu ta ji ƙarar motarka. In ta gama sa maka albarka, ka gaya mata da bakinka sunan wanda ka sa wa waken surukarta. Wannan kam ba ni zan faɗa maka ba."