Mun Je Ƙofar Marke Duba Baba

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da yayana da matarsa. Kwana biyu kafin nan aka bugo mana waya cewa wan mahaifinmu, wanda muke kira Baba, ya faɗi a gidansa da ke Ƙofar Marke a Sakkwato. An ce bai karye ba, amma tun ranar bai sake fita ba.

A Funtuwa muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har matar yayana ta ce sai dai a kora shi da ruwa kamar ƙwayar magani. Daga Tsafe zuwa Gusau hira ta mutu, kowa na addu'a a ransa, yayana na ta kauce wa ramuka. Sai da muka wuce Talatar Mafara baki ya buɗe. Mun shiga Sakkwato bayan azahar, rana na dukan kwanon mota. Muka bi ta Gidan Igwai muka sayi kankana, masu keke Napep na yi mana ham ta ko'ina.

Baba tsohon mahauci ne, mutumin da a da yake kayar da bijimi shi da mutum guda. Mun same shi zaune a katifa, ƙugunsa a kumbure.

"Lahiya lau nike, ɗiyata," in ji shi. "Santsi na kawai."

Inna, matarsa, ta jawo ni madafa. Ashe wannan ce faɗuwa ta uku, biyun farko ya hana ta faɗa wa kowa. Yanzu tsoro ya kama shi. Ya daina zuwa masallaci, har ruwa ya rage sha don kada ya yawaita zuwa banɗaki.

Washegari muka kai shi asibiti. Likitar ta gano maganin hawan jininsa na sa shi jiri idan ya miƙe da sauri, ta gyara masa yadda zai sha, ta ce ya riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ya tashi. Ta ga farar yana a idonsa na hagu, ta tura mu wajen likitan ido. Ta kuma ce zaman wuri guda ƙara kashe masa ƙafafu zai yi.

Da muka dawo, muka bi hanyar da yake bi daga ɗaki zuwa banɗaki. Dokin ƙofa ya yi tsawo. Bakin tabarma ya naɗe. Ƙwan lantarkin tsakar gida ya daɗe da mutuwa. Daɓen banɗaki ya yi gansakuka, silifas ɗinsa kuwa sun suɗe kamar faranti. Shekara nawa muna zuwa gidan nan, ba mu taɓa lura ba. Magini ya rage dokin ƙofar, mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, muka kawo kujerar wanka da fitila mai caji da takalmi mai maɗauri.

Sanda ce ta zama rigima.

"Ni ba makaho ba na," in ji Baba.

Yayana ya ce, "Baba, ai da sanda kuke koro shanu daga kasuwar kara."

Baba ya yi dariya. Ta ƙarfe ta asibiti dai ya ƙi, sai da aka samo masa ta gora irin ta makiyaya.

A rana ta uku ya fita sallar la'asar, a hankali, yayana na gefensa bai riƙe shi ba. Mutanen unguwa na ta miƙo masa hannu. Inna ta tsaya a zaure tana share ido da bakin mayafi.

Mun juyo da safe, Inna ta cika mana leda da kilishi da hoce. Muna Gusau ta kira ta ce Baba ya je azahar shi kaɗai, ya dawo yana faɗa a kan yadda mahautan yanzu ke yanka nama. Mun iso Zariya da magariba, a gajiye, muna godiya ga Allah da abin ya tsaya a kumburi.

Na koyi cewa ba abu ɗaya ke kayar da tsoho ba. Ido ne, da magani, da takalmi, da daɓe. Kuma tsofaffi sukan ɓoye don kunya. Idan kun je gaida naku, kada ku tsaya a "lafiya lau". Ku tashi ku taka inda suke takawa.