Ƙarnit Ya Sha Duka

A bakin tekun garin Humt Suk, wata gajeriyar mata ce ke tafe da malfar kaba, Turawa shida na biye da ita kamar 'yan tsaki. Mayafinta sabo ne fil, kuma sai ƙirga baƙin take yi da leɓe. Da alama yau ta fara wannan sana'a ta zagayawa da baƙi da yi musu girki, kuma girkin ranar nan ne zai sa a ƙara kawo mata baƙi ko a manta da ita.

A wurin wani masunci ta sayi ƙarnit, kifin nan mai hannu takwas da ba ya taunuwa sai ya sha duka a kan dutse. Ta miƙa wa wata siririyar tsohuwa cikin baƙin, ita kuwa sai shafa shi take yi kamar jariri.

"Mbarka, yau takalmin roba za ki ciyar da su!" in ji masuncin.

"Rufe mana baki, Hedi, kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa ba!" Ta juya ga baƙuwar da guntun Faransancinta: "'Yar uwa, tuno wanda ya taɓa ɓata miki rai."

Tsohuwar ta cire tabarau, ta ɗaga ƙarnit ɗin ta shiga maka shi da dutse. Tim! Tim! Tim! Sauran na ƙirgawa da ihu, Mbarka na rangaɗa guɗa, malfarta ta faɗi ko ta kanta ba ta bi ba.

Hedi ya latsa naman, ya ji shi tuɓus. Ya girgiza kai: "Ko wane ne, Allah ya ji ƙansa."