Anti Tafireta da Ruɓaɓɓen Tumatir

Anti Tafireta ake ce mata, domin da koyar da buga tafireta ta fara aiki a makarantar, tun tana amarya. Da aka kwashe tafiretocin aka kawo kwamfuta, aka tura ta wani guntun kwas, ta dawo ta ci gaba. Yanzu gwiwoyinta na ƙara idan za ta hau bene, ido kuma sai da tabarau. Ana haka shugaban makaranta ya kira ta ofis.

"Malama, an ƙaro darasin ƙirƙirarriyar basira. Ba a allo ake so ba, yara su yi da hannunsu."

"Ranka ya daɗe, kwamfutocin da ke tashi fa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba."

"Ke dai ki san dabara."

Ta yi ta fama a gida tana latse-latse, maigidanta na mata tsiya: "Ke da fansho ke ƙwanƙwasa miki ƙofa, me ya kai ki?" Daga ƙarshe ta gano wata manhaja da ake koya wa bambance abubuwa ta hanyar nuna mata hotuna.

Ta sa kowane ɗalibi ya zo da tumatir, mai kyau ko ruɓaɓɓe. Ajin ya cika da wari da ƙudaje. Masu kyan aka ɗauki hotonsu a bakin taga, ruɓaɓɓun kuwa aka tura su can lungu mai duhu saboda ɗoyi, a can aka ɗauki nasu hoton. Manhajar ta koya, aka gwada, ta yi daidai, yara suka yi ta tafi.

Shugaba ya ji hayaniya ya shigo. Ya je lungun ya sunkuya, ya leƙa kyamarar. Nan take manhajar ta rubuta: ruɓaɓɓe.

Wata ɗaliba ta baya ta kasa riƙe dariya, kowa ya fashe. Shugaba ya gyara wuyan rigarsa ya fita. Anti Tafireta ko murmushi ba ta yi ba. Ta zauna a gefen tebur, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Ba tumatir muka koya mata ba," ta ce. "Haske da duhu muka koya mata. Duk abin da ta gani a duhu, ruɓaɓɓe ne a wurinta. Gobe za mu sake daga farko, mu ɗauki duka a wuri ɗaya."

Aka sake, wannan karon ta gane. Ita ta tsaya bayan an tashi ta goge tebura, don mai shara ya ce wannan ba aikinsa ba ne.

Zangon karatu na gaba aka sauya tsarin karatun baki ɗaya, ba ta ƙara yin darasin ba. Shekara na zagayowa ta ajiye aiki. Wani matashi aka kawo a madadinta, ya zo har gida yana neman shawara. Ta ba shi ruwa, ta ce ya fara neman a gyara fankar ajin.