Dosiyen Ƙanwata da Sikanar da Ta Ƙi Tashi

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon buga takardu kusa da tashar Matameye, na taɓa kwana uku ina kokawa da fayil guda ɗaya. Kwamfutar shagon ta tebur ce, ta hannu, abokina ya zo mini da ita daga Kano da ya dawo cin rani. Daga baya na saya mata sikana, ita ma ta hannu, ba faifai ba takarda. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Duk wanda wayarsa ta rikice a unguwarmu ni yake nema, har wasu na ce mini injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Ranar wata Talata ƙanwata ta zo da dosiyenta na konkur, wato jarrabawar shiga karatun ungozoma. Sai an yi sikanin takardun an tura ta intanet kafin azahar ɗin Juma'a. Kuma damarta ta ƙarshe ke nan, don baɗi shekarunta sun wuce ƙa'ida. Na ce ta ja kujera, aikin minti goma ne.

Sikanar ba ta aiki sai an saka wa kwamfutar manhajarta. Na sauko da fayil ɗin, na danna. Wani ɗan akwati ya fito ya ce ba a iya tantance shi ba, ya ɓace. Na goge, na sake saukowa, har sau huɗu. Na ce laifin reso ne, wato layin intanet. Na kashe antibirus, na sauya wayar sikanar, na hure ƙurar bayan injin. Na kira abokin nawa, lokacin ya koma Kano, ya ce ƙila kwamfutar ce ta tsufa, in yi haƙuri.

Ranar Laraba da la'asar ƙanwata ta ce, “Yaya, ko in shiga mota in je Damagaram a yi mini?”

Na ce, “Ƙanwata ce za ta tafi har Damagaram sikanin takarda, ina zaune? Me mutane za su ce? Gobe da safe kin gama.”

Ta gyara zama a kujerarta. Alhamis ma ta wuni a gefena, ambulan ɗinta a cinya, tana kallon allon. Sai safiyar Juma'a na sallame ta. Motar ta daɗe ba ta cika ba, kafin ta isa Damagaram, layin masu jiran sikanin ya kai gare ta, an rufe karɓar takardun.

Washegari ina buga wa wani Alhaji wasiƙa, na duba kusurwar allo don in ɗauki kwanan wata, sai na ga shekara shida baya. Nan na tuna. Ni na mayar da agogon da hannuna. Dabararmu ce ta masu shago: manhajar gyaran hoto ta gwaji ce, wata guda take yi ta mutu, sai mu riƙa ja da kwanan wata baya don kada ta farga. Shi kuwa sabon fayil ɗin, a lissafin kwamfutar ba a ma ƙirƙire shi ba tukuna, shi ya sa ta ƙi yarda da shi. Na gyara kwanan, na danna, ko minti biyu bai yi ba ya shiga.

A gida na bar maganar a kan reso, kowa ya ce haka Allah ya so.

Yanzu tana aure a Yauri, tana ɗinki, 'ya'yanta uku. Bara na kai mata ziyara, muna shan fura na faɗa mata gaskiya. Na yi zaton za ta yi fushi, ko ta yi dariya. Har yau abin da ke damuna ba agogon ba ne, yadda na zama mutumin da ba a iya yi wa gyara ne.

Ta ce, “Ai tun ranar Talatar na ga shekarar ba daidai ba, Yaya. Sau biyu na buɗe baki. Sai na ce kai ne injiniya, ka fi ni sani.”